Damƙa mai ƙarfi, amma hannu yana saki a tsakiyar atisaye: ina matsalar take?

Sanda28:

Assalamu alaikum. Tambayata ga kociyoyi ce da waɗanda suka daɗe a CrossFit da ire-irensa, irin atisayen da ake haɗa ɗaga ƙarfe da jan jiki da gudu wuri guda, agogo kuma yana tafiya.

Ga abin da ke ɗaure kai. A ɗauki mutum biyu da suka fara horo lokaci guda. Na farko nauyinsa kilo 95, in ya matse na'urar auna damƙa sai ta nuna kilo 60. Na biyu kilo 70 ne, na'urar kuma 50 take ba shi. A takarda na farko ya fi ƙarfin hannu, babu gardama. Amma a sa su atisayen da ake kira Fran, wato tsuguno da tura ƙarfe mai kilo 43 sama sau 21, 15, 9, ana haɗawa da jan jiki a sandar rataya adadi ɗaya. Tun a zagayen 15 za ka ga na farkon yana saukowa bayan ja huɗu ko biyar yana yarfe hannu, sangalin hannunsa ya kumbura ya yi tauri. Na biyun ko saukowa bai yi ba. A atisayen Helen ma haka: bayan lilon ketilbel (dunƙulen ƙarfe mai mariƙi) sau 21, jan jiki 12 ɗin nan sai babban ya raba shi gida uku.

To shin lambar da na'urar ke bayarwa tana da wata alaƙa da yadda mutum zai yi a irin wannan atisaye, ko ɓata lokaci ne auna ta? In ba ita ba, me ya kamata a auna? Sannan masu sayen ƙarfen matsi mai sifirin suna ta matsawa dare da rana, yana ƙara musu wani abu a kan sanda kuwa?

Koci_Zagaye:

Wa alaikumus salam. Malam Sanda28, rabin amsar tana cikin lambobin da ka kawo, lissafi kawai ya rage. Mai kilo 95 in ya rataya, kowane hannu yana ɗauke da kilo 47 da rabi. Raba da 60, kusan kashi 79 cikin ɗari ke nan. Mai kilo 70 kowane hannu 35 ne. Raba da 50, kashi 70. Lissafin bai cika cif ba, domin yatsu suna iya riƙe nauyin da ya fi wanda suke iya matsewa, amma ya nuna inda aka dosa. A kan sandar rataya, wanda ka ɗauka mai rauni shi ne mai ƙarfin. Wannan fa rataya ce shiru. Da zarar an fara jan jiki da lilo, a ƙasan kowane ja abin da ke fizgar yatsu ya wuce nauyin jiki, kuma mai babban jiki ya fi shan fizgar.

Me ya sa tazarar kashi tara ko goma take yin ɓarna haka? Saboda riƙo aikin tsoka ne da ta ƙanƙame ba ta motsi. A tsuguno tsokar cinya tana matsewa tana saki, jini na shiga a tsakani. A riƙo babu sakin. Tun 1960 wani masani Bajamushe, Walter Rohmert, ya zana yadda juriya ke faɗuwa a irin wannan aiki. In kana amfani da kashi 15 na iyakar ƙarfinka ko ƙasa da haka, za ka daɗe ƙwarai. A kashi 50, wajen minti ɗaya ne. A kashi 70, rabin minti da ɗan ɗoriya. A kashi 80, daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Dalili shi ne tsokar da ta ƙanƙame tana danne ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, kamar ka taka tiyon ruwa. Oksijin ba ya shiga yadda ake so, abin da aikin ya tara ba ya fita, ruwa yana taruwa a tsokar. Kumburi da taurin da ka gani a sangalin mutuminka ke nan.

Abu biyu ke fitowa daga nan, mutane kuma sukan riƙe ɗaya su yar da ɗaya. Iyakar ƙarfi tana da amfani: in ka ɗaga ta har nauyin da ke cin kashi 80 ya koma cin 65, lokacin da za ka iya riƙewa ya kusa ninkawa, ba tare da ka yi wani horon juriya ba. Amma sai an tambaya, iyakar wane riƙon?

Riƙo iri uku ne. Akwai matsi, yatsu suna rufowa cikin tafi. Shi na'urar ke aunawa. Akwai riƙon babban yatsa a gefe guda, sauran huɗun a ɗaya gefen, yadda ake ɗaukar faifan ƙarfe ta bakinsa. Sai riƙon ɗauka, inda yatsu suka lanƙwashe a kan abu, nauyi yana neman buɗe su, su kuma suna ƙi. Duba jadawalin kowane gidan CrossFit na mako guda: dedlif (ɗago ƙarfe daga ƙasa har a miƙe), kilin (fizgo shi zuwa kafaɗa), sinach (fizgo shi daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya), jan jiki, kai yatsun ƙafa sanda, lilon ketilbel, hawan igiya, tafiya da nauyi a hannu biyu, injin tuƙin kwale-kwale. Dukansu na ukun ne.

Shi ya sa ƙarfen sifirin ba ya biyan wahalar da ake sha a kansa. Wuyarsa tana ƙarshen rufewa, lokacin da yatsu suka kusa taɓa tafi, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu ce. Sandar ƙarfe ta maza kaurinta milimita 28, ta mata 25, sandar rataya galibi wajen 32, igiyar hawa wajen 38. Ƙarfin tsoka kuwa a buɗewar da aka horar da ita ya fi zama. Wanda ya rufe ƙarfen sifirin mai taurin nan, Captains of Crush mai lamba 2, ya yi abin a yaba, amma ba shi zai hana shi faɗowa a ja na goma sha biyu ba.

Ita lambar na'ura, abin da ta fi nunawa shi ne girman mutum da ƙarfinsa gaba ɗaya. Likitoci don haka suke sonta. A babban binciken PURE da mujallar Lancet ta buga a 2015, kan mutum kusan dubu 140 a ƙasashe 17, duk raguwar kilo 5 a damƙa ta zo da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari. Ba yatsu ke tsawaita rai ba, damƙar alama ce ta halin da sauran jiki ke ciki. A atisaye ma haka take. Ka tara maza da mata, manya da ƙanana, sababbi da tsofaffin hannu, za ka tarar masu babbar lamba sun fi saurin gama atisayen Grace, kilin da jak (tura ƙarfe daga kafaɗa zuwa saman kai) sau 30 da kilo 61. Amma ba damƙar ce ta gama musu ba, su ne dai masu ƙarfin baya da cinya. Wani ƙaramin bincike da Butcher da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 2015 ya gano cewa lokacin Fran da na Grace ya fi tafiya da jimillar tsuguno da dedlif da tura ƙarfe sama, fiye da yawan oksijin da jiki ke iya sha. Tsakanin mutum biyu masu horo ɗaya da ƙarfi kusan ɗaya kuwa, bambancin kilo 5 a na'ura ba zai gaya maka wa zai riga wa ba.

Abin da zan ce a auna: a rataya da hannu biyu, babban yatsa zagaye da sanda, kafaɗa a ɗan ɗaure, ba lilo, a duba agogo. A ganina wanda bai kai minti ɗaya ba, riƙo ne ke tare masa hanya; wanda ya wuce minti ɗaya da rabi ya nemi matsalarsa a wani wuri. Bayan kwana biyu a sake, amma wannan karon nan take bayan lilon ketilbel 21 da kilo 24, mata 16. In lokacin ya faɗi ƙasa da rabin na farko, juriya ce da yadda yake riƙe ketilbel ɗin. Sai a gwada dedlif da tafuka biyu suna kallon jiki, ba riƙon ƙugiya (danne babban yatsa da sauran yatsu), ba maɗaurin da ke ɗaure hannu da sanda, a dubi tazararsa da abin da yake ɗagawa in ya ɗaura maɗauri. In tazarar ta kai kashi ɗaya cikin uku, iyakar ƙarfin riƙon ce ta yi ƙasa.

Anti_Fisiyo:

Koci, lissafinka ya yi, amma kada masu karatu su tashi da cewa na'urar ba ta da aiki a gidan horo. Aikinta ba gwada wane da wane ba ne, gwada mutum da kansa ne. Sai dai a auna yadda ya dace, don yawancin lambobin da ake yawo da su ba a kan ƙa'ida aka same su ba.

Ga yadda masu gyaran hannu ke yi da na'urar auna damƙa ta Jamar. Mutum na zaune, ƙafa a ƙasa, hannu manne da haƙarƙari, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, babban yatsa yana kallon sama, wuyan hannu a miƙe ko ya ɗan koma baya, kada ya wuce digiri 30. Mariƙin yana da matakai biyar, na biyu ake sawa. A matsa daƙiƙa uku zuwa biyar, sau uku kowane hannu, ana musanyawa, da ɗan hutu a tsakani. Wanda ya tashi tsaye ya miƙe hannu yana murɗa jiki zai iya ƙaro 'yan kiloli, to ba a haɗa lambarsa da ta zaune. Don a san ma'auni: bayanan mutum kusan dubu 50 da aka haɗa a Birtaniya a 2014 sun nuna matsakaicin namiji yana kai ƙololuwa a kilo 51 cikin shekarunsa na talatin, mace kilo 31. Ke nan mai 50 ɗin Malam Sanda28 ba rago ba ne, musamman ga mai kilo 70.

In aka auna haka, tana faɗin abubuwan da rataya ba za ta faɗa ba, don rataya hannu biyu take haɗawa, mai ƙarfi ya rufa wa mai rauni asiri. Ga mai amfani da dama, dama takan fi hagu da abin da bai wuce kashi 10 ba. Bahagwai sau da yawa hannayensu kusan ɗaya ne. Tazarar da ta wuce haka sosai, ko wadda da babu ta sai ga ta, musamman in akwai zafi ko yatsu suna mutuwa, a duba gwiwar hannu da wuyan hannu, har ma da wuya. Haka nan in mutum yana aunawa da safe a lokaci ɗaya, sai ya ga lambar ta sauka ta ƙi dawowa kwana uku huɗu bayan makon da aka yi ja da yawa, hannun bai warware ba, a rage masa aiki.

Abin da ya fi damuna kuwa, kowa tafi yake kallo, ba mai kallon bayan sangali. Gwada yanzu: lanƙwasa wuyan hannunka gaba iyakar iyawa, sannan ka dunƙule. Za ka ji babu ƙarfi, yatsun ma da ƙyar suke rufuwa. Tsokokin da ke rufe yatsu ba a tafi suke ba, a sangali suke, wasu tun daga ƙashin gwiwar hannu na ciki, jijiyoyinsu suka ratsa wuyan hannu zuwa yatsu. In suka ja, wuyan hannu ma so suke su lanƙwasa. Masu hana hakan su ne tsokokin baya da suka taso daga ƙashin gwiwar hannu na waje. Su ke riƙe wuyan hannu a ɗan baya, wajen digiri 20 zuwa 35, inda damƙa ta fi ƙarfi. In waɗannan suka gaji, wuyan hannu ya karye gaba, masu rufe yatsu suka gajarce, riƙo ya tafi. Mutum ya ce yatsunsa ne suka saki, alhali bayan hannun ne ya fara sallamawa. Sai ya ƙara matse sifirin, ya ƙarfafa gefen da dama ya fi ƙarfi.

A nan ciwon gwiwar hannu yake samo asali. Zafi a ƙashin waje, irin na 'yan tanis, daga tsokokin bayan ne da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu. Zafi a ƙashin ciki ya fi zuwa bayan jan jiki da lilo mai yawa da hawan igiya. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi watanni take buƙata, kuma a wannan tsakanin ake jin rauni. Zafin da yake nan da safe in an ɗauki kofi, ko wanda ke ƙaruwa daga mako zuwa mako, ba a ci gaba da horo a kansa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: wanda ya daɗe bai yi horo ba ya dawo ya yi jan jiki masu yawa, musamman irin na tsalle a sauko a hankali, in bayan kwana ɗaya ko biyu hannun ya kumbura ya ƙi miƙewa, fitsari ya yi duhu, wannan rugujewar tsoka ce, tana iya taɓa ƙoda. Asibiti a ranar, ba gobe ba.

Sanda28:

Na gode Koci, na gode Anti. To a ƙarfe fa? A atisayen DT babu rataya ko ɗaya, amma nan ne hannu ya fi mutuwa, galibi a kilin na zagaye na uku. Masu koyon riƙon ƙugiya kuma suna kukan babban yatsa har su daina. Sannan maganar yagewar tafi, alli ne ke hanawa ko shi ke jawowa? Kowa da abin da yake faɗi.

Dan_Kugiya:

Malam Sanda28, a DT ba ƙarfin hannu ake gwadawa ba, dabarar ajiye ƙarfe ake gwadawa. Zagaye biyar ne: dedlif 12, kilin daga saman gwiwa 9, jak 6, kilo 70 ga maza, 47 da rabi ga mata. Dedlif 60 ke nan, kilin 45, jak 30. Wanda ya ƙi ajiyewa a zagayen farko don ya burge, a na uku zai biya. Yadda ake yi: dedlif 11, a saki, a buɗe tafi, a ja numfashi biyu uku. Na 12 shi zai kawo maka ƙarfen inda kilin ke farawa, ba ka yi ɗagawar banza ba. Kilin 8, a saki. A ɗago, a yi na 9, ƙarfen yana kafaɗa, a wuce jak shida kai tsaye. Duk wanda ya ajiye bayan dedlif na 12 ko bayan kilin na 9 ya ƙara wa kansa aikin da ba a ƙirgawa.

A kilin ɗin kansa, wurin saukowa ne ke cin hannu, ba wurin hawa ba. In ƙarfen ya faɗo daga kafaɗa ka tare shi da gwiwar hannu a lanƙwashe, sangali da ƙwanji ne suka sha kilo 70 da gudunsa. A bar hannu a miƙe, ƙarfen ya bi jiki ya sauka a cinya, ƙugu ya koma baya ya shanye nauyin.

Riƙon ƙugiya kuwa, yawancin masu kuka ba daidai suke sa shi ba. Tura sandar can cikin kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Naɗa babban yatsan, ya kwanta yana bin tsawon sandar gwargwadon iko. Ɗora manuniya da na tsakiya a kansa, a gefensa da gaɓar farko, ba a kan tsinin farce ba. Danne farce shi ne azabar. Sauran yatsu biyun su kwanta kawai. Sirrin shi ne nauyin ƙarfen ne ke kulle ƙugiyar, ba matsinka ba, don haka sangali yana iya ɗan sakewa. Wanda ya sa ƙugiya kuma ya matse iyakar ƙarfinsa ya haɗa zafi da gajiya, bai sami komai ba. A fara da sandar da ba faifai, a riƙa sawa a duk ɗumin jiki, mako biyu zuwa uku zafin yakan lafa. In za a naɗa tef, a sa mai talewa, kada a ɗaure gaɓar ta kasa lanƙwasa. Mai ƙananan hannu ya koya a sanda mai milimita 25.

Riƙon hannu ɗaya gaba ɗaya baya yana riƙe nauyi, gaskiya ne, amma ba na son sa a dedlif masu yawa irin na atisayen Diane, kilo 102 sau 45. In gajiya ta zo mutum yakan lanƙwasa hannun da tafinsa ke kallon gaba bai sani ba, nan jijiyar ƙwanji take tsinkewa. A DT ma ba ya aiki, tunda ba a kilin da shi.

Mutuminka mai kilo 95, ka duba hannunsa a Fran lokacin tsugunon, ba lokacin ratayar ba. Ƙarfen a kafaɗa ya kamata ya zauna, yatsu a sake. In ya hau sama kuma a gindin tafi yake zama, ba ya buƙatar matsi. Da yawa suna shaƙe sandar sau 45 har gaɓoɓin yatsu su yi fari, sannan su ɗora wa sandar rataya laifi. Ketilbel ma haka: mariƙin a lanƙwasar yatsu yake, in ya kai sama ya yi ɗan shawagin nan sai a sassauta, a ƙasa ne kawai ake riƙewa. Wannan ɗan sassaucin na rabin daƙiƙa shi ne ƙofar da jinin da Koci ya yi magana yake shiga.

A kan sanda, a sauko tun da sauran ja biyu a hannu. Wanda ya san iyakarsa 15 ne, ya raba 21 zuwa 8, 7, 6 da hutun daƙiƙa biyar. In ya ja har hannu ya buɗe da kansa, hutun da zai biyo baya daƙiƙa ashirin ne ko talatin, kuma bayansa bibbiyu zai riƙa yi. A hutun a buɗe yatsu, a saki hannu ƙasa a yarfa, kada a dafa gwiwa da hannu a dunƙule.

Alli maganin gumi ne kawai. Kaɗan a shafa, a tafa, a kakkaɓe. In ya yi kauri ya haɗu da gumi ya zama ɓawo, tafin ba ya juyawa a kan sanda, fata ce ke juyawa a madadinsa, sai ta yage. Yagewa daga abu biyu take zuwa: kanta mai tudu, da sanda a tsakiyar tafi tana naɗe fata. Sandar ta zauna a gindin yatsu. Kanta kuwa in kana iya tsunkule ta da farce biyu, ta yi yawa. Bayan wanka a goge da dutsen goge kaushi har ta yi daidai da fatar gefenta, sau ɗaya ko biyu a mako, da dare a shafa mai. In ta riga ta yage, a wanke da sabulu, a yanke fatar da ke reto da almakashi mai tsabta, a sa man rauni a rufe, a bar yatsu a miƙe yayin da take warkewa don kada ta tsage ranar da aka buɗe hannu.

Koci_Zagaye:

Ɗan Ƙugiya ya gama da dabara. Ga wanda gwajin ya nuna riƙon ne da gaske, ga tsarin mako shida, sau uku a mako, minti goma a ƙarshen horo. A ƙarshe fa. Ba a gajiyar da yatsu sannan a je sinach ko igiya.

Rana ɗaya ta ƙarfi ce. A ɗora sandar a maɗori daidai saman gwiwa, tafuka biyu suna kallon jiki, ba ƙugiya. A ɗago a tsaya daƙiƙa 10 zuwa 12, zubi biyar, hutun minti ɗaya da rabi. Ranar da aka wuce daƙiƙa 15 a zubin ƙarshe, a ƙara kilo 5. In akwai sanda mai kauri ta milimita 50, ana iya musanyawa da ita mako bayan mako, da nauyi ƙasa sosai.

Rana ta biyu tafiya da nauyi: kowane hannu kashi 40 na nauyin jiki, mita 40, zubi huɗu, ana nufin kaiwa rabin nauyin jiki a kowane hannu. Kafaɗa kada ta zube gaba, taku gajeru. Rana ta uku rataya mai yankewa, daƙiƙa 20 a sama, 10 a ƙasa, sau takwas. Ta fi rataya ɗaya doguwa kama da abin da ke faruwa a atisaye, don tana koya wa hannu farfaɗowa cikin ɗan lokaci. In ta yi sauƙi a koma 30 da 10, daga baya a rataya tawul biyu a sanda a riƙe su.

Kowace rana a rufe da abin da Anti ta ce: sangali a kan benci, tafi yana kallon ƙasa, dambel (ƙaramin ƙarfen hannu ɗaya) mai kilo 2 zuwa 4, a ɗaga wuyan hannu, a sauke cikin daƙiƙa uku, sau 15 zuwa 20, zubi biyu. Ba ya burge kowa, shi ya sa ake tsallake shi.

Inda ake ɓata tsarin shi ne ɗora shi a kan makon da dama cike yake da ja. In gobe akwai atisayen Murph da jan jikinsa 100, yau babu horon riƙo. Ranar dedlif mai nauyi sosai a sa maɗauri ba kunya. Baya ake horarwa a ranar, a adana yatsu.

Mai kilo 95 ɗin kuma, kafin ya shiga wannan duka, a ƙirga masa jan jiki tsantsa ba lilo. In bai kai takwas ko goma ba, bayansa ne ke da rauni. Mai yin ja 15 a daƙiƙa 18 da mai yin su a daƙiƙa 35 ba aiki ɗaya yatsunsu suka yi ba, ko da ƙirgar ɗaya ce. Hannun mai kilo 95 ɗin ya daɗe a sama kusan ninki biyu, da nauyin da ya fi.

Igiya15:

Ƙari kaɗan kan igiya da injin tuƙi, tunda ba a taɓa su sosai ba. Igiyar gasa ƙafa 15 ce, wajen mita 4.6. Mai kulle ƙafa da kyau, ya ɗaga gwiwa har ƙirji kafin ya taka, ja biyu ko uku ya kai sama, hannu kuma daƙiƙa ɗaya kacal yake ɗaukar nauyi lokacin da ƙafa ke canja wuri. Mai ɗaga gwiwa rabi zai yi ja biyar ko shida. A saukowa a sassauta kullin ƙafar, igiya ta zame tsakanin takalma, hannu yana bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saki ƙafa ya sauko da hannu zalla ya ƙone riƙon hawa na gaba. A injin tuƙi yatsu kawai ake maƙalawa a mariƙi, wuyan hannu a miƙe, har ana iya motsa ƙaramin yatsa ana cikin ja.

Wanda yake son gwajin da ya haɗa duk abin da aka faɗa a nan, ya nemi atisaye na biyu na gasar CrossFit Open ta 2017. Minti 12 ne: tafiyar durƙuso ƙafa 50 da dambel biyu masu kilo 22 da rabi, mata 15, sai kai yatsun ƙafa sanda 16, sai kilin 8 da dambel ɗin, bayan zagaye biyu, jan jiki har a haye kan sanda sau 16 ya maye gurbin na tsakiyar. A tafiyar durƙuson a ɗora kan dambel a kafaɗa, hannu yana kan mariƙi amma ba matsi, domin daga nan sanda za a kama kai tsaye.